Mai Auna Tagogi

Ranar da tashar jiragen ruwa ta yi tsawa
ina tsugune a shago ina yankan madubi.
Ƙasa ta ja numfashi, sama ta amsa,
sai Beirut, birnin da ya saba da ƙara,
ya yi tsit kamar ruwa ya cinye shi.
Sannan gilashi ya fara zuba,
bene bayan bene, kamar ƙanƙara a tsakar rani.

Ni Nazih, ɗan Wafiƙ mai yankan gilashi,
shekara talatin ban ƙetare titin nan ba.
A can harsashin tsohon yaƙi ya sami babana,
na rantse ko inuwata ba za ta sha ruwan unguwar ba.
Amma rantsuwa ba ta toshe taga.
Rana ta uku na rataya tef a wuya, na ƙetara.

Tsohuwa Araksi ce ta fara buɗe mini ƙofa,
ko in ce, wurin da ƙofa take a da.
Larabcinta na ɗingishi, ni yarenta ko gaisuwa ban iya ba.
Ta nuna ramin bango, na auna:
tamanin da biyar a kwance, ɗari da ashirin a tsaye.
Daidai da tagar ɗakin uwata.
Na sake aunawa, ko tef ɗin ne ke mini ƙarya.

A hawa na uku Taniyos ya sauke gicciye daga ƙusa
don in sami wurin jingina tsani.
A na huɗu Ummu Haidar ta naɗe dardumar salla,
ta ce, "Shigo da takalminka, ɗana,
daɓen nan yanzu cizo yake."
Ba wanda ya tambaye ni sunan kakana.
Tambayarsu guda ce: "Ka ga Rima?
Doguwa, mai aikin jinya, da tabo a haɓa?"
An kaɗa mata ƙararrawa, an shafa mata fatiha,
dattawan dutse masu farar hula sun sauko da shirunsu,
tun ba a san 'yar wane gida ce ba.

Samari sun zo da tsintsiya daga Tarabulus, daga Saida,
daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba.
Bakin kowa da nasa karin,
amma shara murya ɗaya gare ta:
ƙaras, ƙaras, har dare ya raba.

Kusurwa guda Araksi ta hana ni taɓawa.
Wani ɓalli ne da ya maƙale a katako,
da shatin ƙananan yatsu biyar a jikinsa.
Jikanta Sevan ya dafa nan, yana kallon hayaƙi.
Na yanka sabon gilashi ya kewaye tsohon,
aikin da babana bai koya mini ba.
Ta miƙo kuɗi, na maida hannuna aljihu.
Ta dafa gahawa, muka sha a tsaye,
don ba kujerar da ta rage da ƙafa huɗu.

Ban ce mun zama waliyyai ba.
Harshe da haƙori ma suna saɓawa, balle mu.
Gobe za mu koma musu kan tuta da kujera,
kan wa ya kwantar da wuta a bakin teku ya tafi barci.
Taniyos da Ummu Haidar har sun soma
cacar baki kan tankin ruwa.

Sai dai akwai tsinin gilashi a tafin ƙafata
wanda likita ya nema ya rasa.
In na hau motar haya da safe
nakan gane masu irin takuna:
wannan da carbi, waccan da gicciye a wuya,
kowa na lallaɓa ƙafa kafin ya sauke ta.
Mu dubi juna.
Wani ya matsa, in zauna.